Balbela Bakwai a Kan Gumbi

Hoton ƙwaro na farko da na ɗauka, sai da na yi kwana uku ina rarrafe a wata gonar gero bayan garin Isa. Wani malamin gona ne ya zo shagon maigidana yana neman hoton tsutsar nan da ke shiga zangarniya tana cin ta a karkace, yana son ya nuna wa manoma ita tun tana ƙarama. Maigidana, Malam Idi Ɗan Maraɗi, ya ce masa shi mutane yake ɗauka, amma ga Arzika nan, gwiwoyinsa ba su tsufa ba tukuna. Ya miƙo mini kyamara da fim guda, ya ce in na ƙone shi a banza kada in dawo masa da dogon bayani. Na kuwa ƙone shi. Da aka wanko daga Sakkwato, hoto biyu kaɗai ake gane tsutsa a ciki, sauran duk ganye ne da inuwata da babban yatsana.

Shi ya sa dariya ke kama ni idan na ga ku yaran yanzu kun ɗaga waya kun danna sau ashirin a kan fure ɗaya, ku zaɓi wanda ya fi, ku ce ai hoton daji ba aiki ba ne. Dannawa kam ba aiki ba ce, wannan ko akuya ta taka waya sai ta ɗauki hoto. Aikin yana wurin sanin inda za ka kwanta, da lokacin da za ka je, da abin da za ka bari a wajen hoton. Na haura shekara talatin a kan wannan sana'a, kuma na ƙarshen nan ban gama saninsa ba sai da gemuna ya yi fari.

Shekara biyu na yi wurin Malam Idi ban taɓa kyamara ba. Shara, goge gilashi, riƙe labule mai zanen jirgin sama a bayan masu hoton Sallah, sai kai fim tasha a ba direban Sakkwato. Ranar da ya fara bari na leƙa, wata amarya ce da ƙawayenta, na ɗauka ina jin kaina. Da hoton ya dawo sai ga buta tsaye daidai kafaɗar amarya, ga gindin tunkiya a gefe. Bai yi mini faɗa ba. Ya aza yatsa a kan butar ya ce, "Arzika, abin da kaz zo ɗauka ba shi ka ɓata hoto ba, abin da ab bayanai na. Kahin ka danna, kai idonka kusurwa huɗu." Tun daga ranar ban sake danna komai ba sai na zagaya da ido, sama, ƙasa, dama, hagu.

Akwai wani mazari da wata ɗaliba ta sa ni nema a bakin gulbi, tana rubutu a kan ƙwarin da ke zama kusa da ruwa. Shi mazari da rana ba ka kama shi, ko kana da ƙafa shida. Sai ka fita bayan sallar asuba, lokacin raɓa ta jiƙa masa fiffike yana maƙale a jikin ciyawa, ba ya iya tashi sai rana ta taɓa shi. Tsakanin fitowar haske da bushewar raɓar nan, abin da kake da shi bai fi lokacin shan kunu kofi ɗaya ba. A jakata akwai idon kyamara biyu, na kusa da na nesa, da ƙafa uku ta ɗora kyamara, wadda maƙeri ya gyara mini sau ba adadi. Sauran kayan kuwa daga ɗakin matata suka fito. Faifai nake kafawa ya tare iska, don iskar da kai ba ka ji ba ta isa ta kaɗa ciyawa hoto ya dushe. Murfin kwanon silba nake karkatawa ya mayar da haske ƙarƙashin cikin ƙwaro. Tsinken ashana nake ajiyewa a gefe, domin mai kallo ya san girman abin. Ba na sa farar riga, ba na sa turare, kuma in na kusa dannawa numfashi ma riƙe shi nake yi.

Mutane sun daɗe ba su gane abin da nake yi ba. Wata rana wajen Turba ina kwance rub da ciki a gindin tumfafiya, ina jiran wata fara mai launi-launi ta juyo mini da fuska, sai na ji salati a kaina. Wata tsohuwa ce ta ajiye itacenta tana kiran jama'a, wai an yar da gawa bakin hanya. Da na ɗago kai sai ta ja da baya ta ce, "Subhanallahi! Ɗan nan, da ranka kaka kwance cikin turɓaya? Mi kaka nema?" Na nuna mata farar. Ta dube ni, ta dubi farar, ta ɗauki itacenta tana cewa Allah ya ba iyayena haƙuri. Farar ma ta tashi, sai washegari na same ta.

Masu sayen aikina ba su da yawa, amma ba su yanke ba. Malaman gona, ɗalibai, malaman makaranta masu son abin nuna wa yara, da masu maganin gargajiya da ke son hoton kowane itace da ganyensa da ɓawonsa. Sai wani Bayarabe mai buga kalanda a Sakkwato, wanda ba ya ganina sai ya ce ga bawansa Bagobiri ya kawo gaisuwa, ni kuma in ce masa ya tashi ya ba ubangidansa kujera. Shi ya koya mini cewa hoton fili ma yana da kasuwa: gawo da ganyensa shar tsakiyar rani, gulbi in ya cika ya shafe fadama, rumbuna a jere bayan kaka. Don haka da na buɗe nawa shagon a Sabon Birni, gaba hoton fasfo ne da na biki, bango kuwa duk daji ne.

Rabin abin da na sani na itace da ciyawa, wurin Malam Nomau na same shi. Manomi ne a wani ɗan ƙauye gabas da Gatawa, ba za ni faɗi sunan ƙauyen ba, za ku ji dalili. Ya girme ni da kusan shekara goma. Idan aka ba ni sunan tsiro a takarda na rasa gane shi, wurinsa nake zuwa, ya ce, "Wanga ai bayan tabki shika hita, amma sai ruwa ya ja." Mu tafi, mu same shi a inda ya faɗa. Yana da shanun huɗa biyu, Bauɗe, mai ƙaho ɗaya a karkace, da Ɗan Ja. Da su yake noma gonarsa, ya yi wa maƙwabta huɗa, ya ja amalanke ya kai taki. Ƙarfin gidan gaba ɗaya a wuyan shanun nan biyu yake.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda kun san su, ba sai na ba ku labari ba. Mutanen daji suka kwashe dabbobin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, har ya zama kana tafiya mai nisa a babur ba ka ga kashin saniya a hanya ba. Sana'ata ta koma abin tsoro ta fuska biyu. Mutanen gari su gan ka da kyamara su ce rahoto kake kai wa daji, na daji su gan ka su ce hukuma ta aiko ka. Na daina rataya ta a wuya, na koma sa ta cikin buhun taki kamar mai zuwa cefane. Na kuma kafa wa kaina doka: ba fuskar mutum, ba hanya, ba rumbu, ba dabba. Ina ganin da wannan na rufe kowace ƙofa.

A ƙarshen wani rani, saura kamar wata biyu ruwa ya sauka, wani malamin kwaleji ya aiko yana son hotunan itatuwan bakin ruwa, musamman gumbi, ƙayar nan da ke haɗe kai ta yi duhu a gefen tafki. Na je wurin Malam Nomau. A ƙauyensu lokacin ba sauran saniya ko ɗaya a fili, kowa ya san an kwashe, ni ma haka na ɗauka. Da muka kusa tafkin sai ya tsaya, ya dubi gabas da yamma, ya ce, "Mai hoto, za ni gwada ma wani abu, amma ya tsaya cikinka." Ya janye wani reshen ƙaya da aka jingina, muka sunkuya muka shiga. A tsakiyar gumbin nan ya share wani ɗan fili, ga Bauɗe da Ɗan Ja a ɗaure suna tuƙa. Wata bakwai yana ɓoye da su a nan. Da kansa yake yanko musu ciyawa, ya ɗebo ruwa a jarka, ya kwashe kashinsu ya binne, ya share sawunsa da reshen sabara in zai fita. Ko 'ya'yansa mata da ke aure a wasu garuruwa ba su sani ba.

"In Allah ya kai mu damana," in ji shi, "da asuba in hito da su in yi huɗa, kahin hantsi in maishe su. Kwana goma ɗai nika biɗa."

Na ce masa Allah ya rufa asiri, kuma kada ya damu, ko wutsiyarsu ba za ta shiga kyamarata ba.

Na yi aikin malamin kwaleji, ganye da ƙaya da 'ya'ya, kowanne da tsinken ashanarsa. Da hantsi ya yi na zagaya ɗaya gefen tafkin za ni tafi, sai na waiga. Ruwan ya kwanta lif, gumbin ya yi baƙi-baƙi a bayansa, ga wani gawo ya miƙe sama, a kan gumbin kuma ga balbela bakwai farare tas, ɗaya ta buɗe fiffike tana sauka ciki. A duk shekaruna ban taɓa samun haske irin na wannan safiya ba. Na kafa ƙafa uku, na kai idona kusurwa huɗu kamar yadda aka koya mini. Ba shanu, ba igiya, ba jarka, ba sawu, ba Malam Nomau. Na danna sau ɗaya, na san na samu.

Na sa aka buga shi babba, na yi masa firam, na rataye shi a bangon da ke kallon hanyar kasuwa. Ba za ni ɓoye muku ba, alfahari na yi da shi. Duk wanda ya shigo hoton fasfo sai ya tsaya a gabansa. Samari suka riƙa ɗaukar sa da waya, ya bi wayoyi ya tafi inda ban sani ba. Wasu ma sun gane wurin, saboda gawon nan sananne ne ga duk wanda ya taɓa bin yankin, ni kuma ban ga laifin haka ba, tafki ne da tsuntsaye.

Ya yi kwana goma sha biyu a bango. Ranar kasuwa sai ga Baffa Sambo ya shigo neman inuwa. Tsohon makiyayi ne, shi ma an kwashe masa garke kaf, ya dawo gari yana tufka igiya yana sayarwa. Na ba shi ruwa ya sha, ya ɗaga kai ya ga hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Arzika, shanun wa ag ga tabkin nan?"

Na yi dariya na ce, "Baffa, idonka ya fara gajiya. Ina shanu a nan? Tsuntsaye ne."

"Su nika gaya ma." Ya tashi ya matsa, ya nuna da bakin sandarsa. "Wanga hoto da hantsi anka ɗauke shi, ga inuwa nan. Balbela ba ta zama bisa icce da hantsi, lokacin kiwonta na. In kihi ko kwaɗo taka biɗa, bakin ruwa za ka gane ta. Waɗanga sun ba ruwa baya, duk kansu na kallon ƙasa wuri guda, ga guda ta sauka ciki. Akwai bisashe ƙarƙashi. Kuma ba su da yawa, da garke na da ka ga balbela ta hi haka. Biyu na, ko uku."

Na matso na ƙura wa hoton ido. Na tambaye shi ko kowa zai iya gane wannan. Ya ce ɗan birni ba zai gane ba ko ya shekara yana kallo, amma duk wanda ya tashi a bayan saniya, kallo ɗaya ya ishe shi. Bai tambaye ni na wane ne ba, ya dai ce in sauke shi yanzu-yanzu. Na sauke, na juya fuskarsa bango, na rufe shago da rana tsaka, na hau babur.

Na isa ƙauyen bayan la'asar. Malam Nomau yana zaune ƙofar gida yana sa wa hauya sabuwar ƙota. Da na ga hauyar nan a hannunsa na san na makara. Muka gaisa kamar kullum, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce, "Sun tahi da su, yau kwana uku." Da hantsi suka zo a babur biyu, ba su yi ta dube-dube ba, kai tsaye suka nufi gumbin. Suka same shi a ciki yana zuba ciyawa. Shi suka sa ya kwance igiyar da hannunsa, ya janye musu ƙayar ƙofa. Ba su taɓa shi ba, ya ce wannan ma abin godiya ne.

Zan iya yin shiru, ba wanda zai taɓa gaya masa. Amma na kasa. Na faɗa masa komai, hoton, da bangon shago, da wayoyin samari, da abin da Baffa Sambo ya karanta a ciki. Kunya ta hana ni ɗaga ido, ƙasa nake kallo ina magana. Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa har na gama, sannan ya ajiye wuƙar.

"Yana yiwuwa hoton na," in ji shi. "Yana yiwuwa wani ya gane ni da jarka. Yana yiwuwa su da kansu sunka ga balbelun, ai ba kai ɗai ad da ido ba. Ni wata bakwai ina share sawu ƙasa, ban taɓa ɗaga kai na dubi bisa ba. Ban sani ba, Mai hoto, kai ma ba ka sani ba. Tashi ka koma tun da sauran rana, hanya ba ta da kyau."

Ya yi mini sauƙi, amma ni ban yi wa kaina ba, kuma har yau ban yi ba. Daminar nan na je sau biyu. Na same shi shi kaɗai a gona da hauya, mutumin da ya ba sittin baya, yana huɗa kunya ɗaya ya tsaya ya riƙe ƙugu. Gefen da ke kusa da gida kawai ya iya nomawa, sauran gonar ciyawa ta cinye. Na karɓi hauyar na yi abin da zan iya, wanda bai taka kara ya karya ba, hannun da ya saba da kyamara kafin azahar ya yi bororo ya fashe. A shekarar ban ɗauki hoton fili ko ɗaya ba, fasfo kawai na yi ta yi. Da na koma daga baya, sai na ƙara wa dokata abu guda: hoton daji ba ya hawa bango sai na nuna wa manomi da makiyayi sun gaya mini abin da suka gani a ciki.

Bayan an gama kaka, wata ranar kasuwa, sai ga Malam Nomau a ƙofar shago. Bai taɓa zuwa ba sai ranar. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya zauna a bencin masu jiran fasfo, ya bi bangon da kallo, kuka, gulbi, mazari, buzuzu da ƙwallonsa. Sannan ya ce, "Ina shi?"

Na gane abin da yake nufi. Na ce yana bayan kabad, na yi niyyar ƙone shi ban samu zuciyar yi ba.

"Ɗauko in gani."

Na ɗauko, na goge ƙurar da hannun riga, na ɗora masa a cinya. Ya riƙe firam ɗin da hannu biyu ya ƙura masa ido. Ni dai ina tsaye, ina jiran duk abin da zai faɗa, don na san na cancanta. Can sai ya aza yatsa a kan baƙin gumbin, daidai ƙarƙashin balbelar da ke sauka.

"Bauɗe na nan," in ji shi. "Shi ka tone ciyawa da hanci shina tada ƙwari, sun san shi, kullum wurinai suka sauka." Ya matsar da yatsan gefe, wajen inuwar gawo. "Ɗan Ja na can kwance. Raggo na, hantsi na yi shika kwantawa."

Ya ƙara dubawa, ya share gilashin da tafin hannu.

"Shekara tara muna tare da su, ban taɓa tunanin in sa a ɗauke su hoto ba. Ashe ka ɗauka." Ya ɗago ya dube ni. "Ka ba ni shi, Mai hoto. Cikin ɗaka za ni aje shi, ba mai gani."

Na naɗe masa shi a cikin buhu, na ɗaure da igiya. Ya rungume shi a ƙirji ya fita neman babur ɗin da zai kai shi gida.